Sashe na Bakwai

Ranar Alhamis da safe Ungozoma ta tarar da kwaɗo uku a ƙofar ofishin jam'iyya. Na tsakiya nata ne, shekara shida tana buɗe shi tana rufewa tun da aka zaɓe ta sakatariyar reshe. Na sama da na ƙasa kuwa sababbi ne fil, ko ledar jikinsu ba a gama ɓarewa ba.

Ta tsaya da makulli a hannu tana kallonsu. Mai gyaran agogo da ke shago na gaba ya leƙo, tabarau a goshi.

"Na sama mutanen yayanki ne suka sa, jiya da yamma," in ji shi. "Na ƙasa mutanen kawunki, da suka zo suka ga na sama. Ni dai na ce musu tunda abin ya zama haka, su bari in ƙara nawa, in ya so a zama ɓangare uku."

Ba ta yi dariya ba. Ta lalubi jakarta, ta ji littafin rajistar mambobi da hatimi suna nan. Sati biyu ke nan ba ta barinsu a ofis, duk inda ta sa ƙafa suna rataye a kafaɗarta.

Jam'iyyar ba wata babba ba ce. Ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa suka kafa ta shekara talatin da suka wuce, a wani ɗakin ajiyar kaya a bayan tasha. Kawunta, ƙanin mahaifiyarta, wanda gari duka ke kira Kawu Direba, yana cikin mutum tara da suka fara sa hannu. Shi ya riƙe ta ita da yayanta bayan rasuwar mahaifinsu, a kan kafaɗarsa suka fara ganin taron siyasa. Yayan ya yi karatu ya zama lauya, yanzu shi ne mataimakin shugaban reshe.

Abin da ya shiga tsakanin kawu da ɗan 'yar'uwarsa layi uku ne a tsarin mulkin jam'iyya, sashe na bakwai. Sashen ya ce jam'iyya ba za ta taɓa goyon bayan a miƙa asibiti ko ruwan famfo ko makarantar gwamnati ga kamfani ba. Sai ga wata babbar jam'iyya ta nemi su haɗa kai a zaɓen majalisar gari, za ta bar musu kujeru huɗu, amma sai sun cire sashen. Lauya ya kawo ƙudurin a cire. Kawu Direba ya ce sai dai a cire shi tare da sashen. An sa taron mambobi ranar Asabar, kuma tun daga ranar da aka sa shi, mutanen da suka shekara ashirin suna zama benci ɗaya suka fara tsallake titi in sun hango juna.

Ungozoma ta mai da makullinta jaka, ta kama motar haya zuwa wurin aiki.

Ƙaramin asibitin gwamnati ne, ɗaki biyar da baranda, famfonsa ya yi wata biyar bai ɗigo ba. A jarkoki ake kawo ruwa. Ranar awon masu ciki ce, benci ya cika har wasu na zaune a kan matakala. Ta auna mata goma sha ɗaya, ta rubuta nauyin wata a katin wata, ta soke, ta sake rubutawa. Wayarta sai kaɗawa take a aljihu, in ta yi shiru minti ɗaya sai ta sake ɗauka.

Wajen sha biyu Lauya ya shigo, yana ɗaga ƙafa yana tsallake ruwan da ya zube daga jarka.

"Auta, ba ni minti biyar."

"Yaya, ka ga layi."

"Na gani. Layin nan ne ya kawo ni."

Ta ja shi ɗakin allura ta tura ƙofa. Ya fito da wani ambulan mai kauri ya ajiye kusa da ma'aunin jarirai.

"Katunan jam'iyya ne arba'in. Mutanen unguwar bayan masaƙa. Ke kika rubuta su da hannunki."

"Wata huɗu da suka wuce na rubuta su. Doka ta ce sai mutum ya cika wata shida kafin ya yi zaɓe."

"Na san doka, Auta, da ita nake cin abinci." Ya rage murya. "Hatimi yana wurinki. Kwanan wata ne kawai za ki mayar baya da wata biyu. Ba matattu na tono ba, ba sunayen ƙarya na kawo ba. Mutane ne da ransu, suna son jam'iyya."

"Suna son jam'iyya ko suna son ka?"

"To, ni ɗin ba ɗan jam'iyya ba ne?" Ya zauna a bakin gadon allura, ya tashi, ya kaɗe bayan rigarsa. "Shekara talatin, ko kujera ɗaya ba mu taɓa ci ba. Muna da gaskiya, kowa ya sani, har abokan gaba suna yabonmu ranar jana'iza. Me gaskiyar ta kawo wa famfon can? Kin tuna matar da kika raka watan jiya, wadda motar asibiti ba ta da taya aka ɗauke ta a bayan motar kaya? Sashe na bakwai yana nan daram ranar da ta mutu a cinyarki."

Ungozoma ta juyo ta fuskance shi.

"Kada ka sake kawo min matar nan cikin zancen kujera. Ko sunanta ba ka sani ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta san shi, ba ya iya ba da haƙuri da baki, sai dai ya yi hakan.

"In kamfani ya karɓi nan," ta ce, "matan da ke kan bencin can, nawa ne za su iya wuce ƙofa?"

"Tambayar da nake so a yi ke nan a cikin majalisa. Ki saurare ni. Da mu ko ba mu, za a miƙa asibitin nan, takardun suna kan tebur tun bara. In muna ciki, za mu ce haihuwa kyauta, awo kyauta, a rubuta a yarjejeniya. In muna waje, za mu ɗaga kwalaye a bakin titi a ɗauke mu hoto. Zaɓi ke nan, ba wani na uku."

Wata mai ciki ta ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa bayanta ya riƙe. Lauya ya fita bai ɗauki ambulan ɗin ba. Ungozoma ta dube shi, ta dubi ƙofa, ta cusa shi cikin jaka tare da hatimi don ba inda za ta bar shi. Jakar ta ƙara nauyi.

Da ta koma gida da yamma ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ɗora ruwan shayi ta manta, ta share tsakar gida da aka riga aka share, ta kwashe shanya ta sake bazawa. Mijinta mai walda ne, bai taɓa riƙe katin kowace jam'iyya ba. Yana zaune a kan kujerar roba yana cire ƙurar ƙarfe daga farcensa, yana binta da ido.

"Ranki ya daɗe sakatariya, sau biyu kika zuba min sukari."

"Ka sha haka."

"Zan sha. Yau mutum huɗu suka zo shagona. Biyu sun ce in gaya miki ki tuna wanda ya raine ki. Biyu sun ce in gaya miki ki tuna nonon da kuka sha da yayanki. Ko ƙofa ɗaya ba wanda ya kawo gyara."

"Kai me ka ce musu?"

"Na ce ni a gidan nan ko tashar rediyo ba ni da ikon canzawa." Ya kurɓi shayin ya yamutse fuska. "Amma tsakani da Allah, ke me kike so? Ban da su. Ke."

Ta buɗe baki, wayarta ta sake kaɗawa a kan tebur. Ta kife ta. Bai sake tambaya ba.

Washegari da hantsi ta tafi gidan Kawu Direba da abin awon hawan jini, kamar yadda ta saba kowane mako. Ɗakinsa yana nan yadda ta san shi tun tana yarinya: gadon ƙarfe, rediyo mai igiya a ɗaure, tsohuwar fitilar ba da hannu ta jirgin ƙasa a kan kabad, da tarin jaridu da suka yi ja. Ƙafafunsa sun kumbura, ya ɗora su a kan kwali. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaura masa abin awon a hannu.

"Ya hau, Kawu. Ka sha maganin jiya?"

"Na sha. Yaron nan ne hawan jinina, ba gishiri ba."

"Yaron nan ya haura hamsin."

"A wurina bai haura wandon makaranta ba." Ya gyara zama da ƙyar. "Ni na koya masa magana a gaban mutane. Na ɗora shi a kan tebur yana ɗan shekara tara ya karanta takardar yajin aiki. Yau ni yake gaya wa duniya ta canza. Na san ta canza, ina cikinta ta canza."

Ta shiga naɗe abin awon. Ta san labarin da zai biyo baya, ta ji shi ya fi sau ɗari, amma yau muryarsa ba irin ta kullum ba ce.

"Lokacin da aka miƙa jirgin ƙasa ga kamfani, haka aka ce mana. Za a gyara, za a kawo sababbin taragai, ba wanda za a kora. Har da namu a ɗakin da aka sa hannu, mutanen kirki, na san su. An rubuta komai a yarjejeniya. Kafin shekara ta zagayo an rufe asibitin ma'aikata, an rufe makarantar 'ya'yanmu, an sallami mutum ɗari huɗu. Ni na tuƙa jirgin ƙarshe, tarago shida, fasinja bai kai ashirin ba. Namu da ke cikin ɗakin suka ce sun yi iya ƙoƙarinsu. Kuma sun yi. Daga wannan muka rubuta sashe na bakwai, ba daga littafi muka kwafo ba."

"Na sani, Kawu."

"In kin sani, to." Ya miƙa hannu ya rage ƙarar rediyo. "Takardar ƙudurin nan nasa, yaushe ta shigo hannunki?"

"Saura kwana ashirin da biyu taro."

"Doka ta ce ashirin da ɗaya."

"E. Ta shigo a kan lokaci."

"Wa ya gani in ban da ke?"

Ta ɗago kai ta dube shi. Shi kuwa rediyo yake kallo.

"Kwana biyu ne kawai, 'yata. Ki ce ta makara. Sai a ɗage maganar zuwa baɗi, kafin nan zaɓe ya wuce, kowa ya huce. Ba don kaina nake roƙo ba, ni nawa ya rage min?"

Mutumin nan ne ya taɓa sa ta taka da ƙafa ta koma makaranta a ranar hutu, ta gaya wa malami cewa makin da ya ba ta ya fi wanda ta ci. Ta so ta tuna masa, ta fasa. Ta jera masa magungunansa a kan kwali, na safe daban, na yamma daban.

"Zan yi abin da ke rubuce, Kawu."

"Wanne ke nan?"

"Abin da ke rubuce."

Ta fito ta manta abin awon a kan gadonsa, sai da ta kai bakin titi ta dawo ta ɗauka. Ta rasa motar da za ta shiga, ta taka da ƙafa har gida, ta bi ta doguwar hanya don kada ta haɗu da wanda ya san ta.

Ranar Asabar aka yi taron a babban ɗakin wata makarantar firamare. Ba wanda ya tsara zama, amma mutane suka raba kansu: na Lauya ta wajen tagogi, na Kawu Direba ta wajen allo, a tsakiya fili da mota za ta iya wucewa. Mutum arba'in na unguwar bayan masaƙa suna tsaye a bakin ƙofa, an hana su shiga, suna ta hayaniya da masu gadi. Shugaban reshe tsohon hedimasta ne, sati biyu wayarsa a kashe, yana cewa caji ne ba ta riƙewa. Ya buɗe taro cikin gaggawa, ya share gumi, ya ce sakatariya tana da bayani kan waɗanda suka cancanci zaɓe.

Ungozoma ta miƙe. Ta dafa tebur. Ta buɗe littafin rajista.

"Magana biyu ce. Ta farko, 'yan'uwanmu arba'in da ke ƙofa mambobi ne, su shigo su zauna su ji, su yi magana in suna so. Amma wata huɗu gare su a littafi, don haka yau ba za su ɗaga hannu ba."

Ɓangaren tagogi ya ɗauki ihu. Wani ya ce an saye ta. Ɓangaren allo ya fara tafi.

"Ta biyu," ta ɗaga murya, "takardar ƙudurin cire sashe na bakwai ta shigo hannuna saura kwana ashirin da biyu taro. Ba ta makara ba. Yau za a yi zaɓe a kanta."

Tafin ya yanke. Yanzu ɓangaren allo ne ke ihu, wata tsohuwar malama tana cewa jini ya fi aƙida. Ungozoma ta fito da ambulan ɗin daga jaka, ta taka filin tsakiya ta ajiye shi a gaban yayanta yadda ya ba ta. Ba ta dube shi ba. Ta koma ta zauna ta riƙe biro da hannu biyu.

An yi awa biyu ana magana. Lauya ya yi tasa ba takarda a hannu, ya lissafo famfuna da suka bushe da azuzuwan da rufinsu ya yaye, ya ce shi ya gaji da zama mai gaskiya a bakin titi. Kawu Direba bai iya tsayawa ba, daga zaune ya yi tasa, mutum biyu suna riƙe masa lasifika. Ya ce jam'iyyar da ta sayar da dalilin kafa ta don kujera huɗu, ranar da aka karɓe kujerun ba abin da za ta koma ta tarar a gida. Wani direban tasi ya tashi ya ce shi duka biyun ya yarda da su, a gaya masa inda zai zauna. Aka yi dariya kaɗan, ita ce dariya ɗaya tilo a ranar. Sau biyu hedimasta yana buga tebur da dasta don raba masu cin kwalar juna.

Sannan aka zo zaɓe. Mutum ɗari da ashirin ne suka cancanta. Gyaran tsarin mulki yana bukatar biyu cikin uku, wato mutum tamanin.

"Masu goyon bayan a cire sashe na bakwai," in ji hedimasta.

Hannuwa suka tashi ta wajen tagogi, da wasu tsiraru ta wajen allo. Ungozoma ta bi layi-layi tana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji, wakili ɗaya daga kowane ɓangare yana biye da ita. Sittin da shida. Ta dawo tebur, ta tsaya jim. Kwana biyu tana juya maganar, a mota, a kan hanya, a gaban murhu, kuma duk inda ta juya sai ta ga jarkokin ruwa da bencin masu ciki da takardun da yayanta ya ce suna kan tebur tun bara. Tsoron da kawunta ke ji ita ma tana jin sa. Amma ta ɗaga hannunta na dama.

"Sittin da bakwai," ta ce.

Kawu Direba ya dube ta daga inda yake zaune. Bai yi fushi ba, bai girgiza kai ba, kallonta kawai ya yi kamar ana nuna masa baƙuwa. Ta so ƙasa ta buɗe. Ta ci gaba da aikinta, ta ƙirga masu adawa, hamsin da uku.

Hedimasta ya sanar cewa ƙuduri bai kai tamanin ba, sashe na bakwai yana nan. Ɓangaren allo ya miƙe da sowa. Ɓangaren tagogi shi ma ya miƙe yana cewa su ne masu rinjaye, tsiraru ba za su ɗaure musu ƙafa ba. Kowa yana cewa shi ya ci.

Lauya ya karɓi lasifika. Ya jira har aka lafa.

"Mun ji hukunci. Amma mutum sittin da bakwai ba za su zauna mutum hamsin da uku su riƙa yi musu mafarki ba. Za mu zauna nan da sati biyu mu yanke shawara, ko mu ci gaba da zama a gidan nan ko mu nemi wani."

"Ƙofa a buɗe take!" wani ya yi ihu daga wajen allo.

"Rufe mana baki!" Kawu Direba ne, ba lasifika. "Wa ya ce maka abin murna ne?"

A bakin ƙofa Lauya ya tare ƙanwarsa. Idanunsa sun yi ja.

"Kin san da arba'in ɗin nan sun ɗaga hannu, da ya wuce? Daidai-wa-daida, ba ragi."

"Na sani, Yaya. Na yi lissafin tun ranar Alhamis."

"Kuma kika ɗaga min hannu. Me zan yi da hannunki ɗaya?"

"Ba kai na ɗaga wa ba."

Ya dube ta kamar zai ƙara magana, ya juya ya shiga motarsa. Ta nufi inda ake taimaka wa kawunta sauka daga matakala, ta miƙa hannu za ta kama shi. Ya ba wani hannun nasa.

"Bar shi, sakatariya," ya ce. "Kin gaji."

Bai taɓa kiranta da wannan sunan ba.

Sati biyun nan ba ta san yadda suka wuce ba. Kullum da sabon labari: an ce Lauya ya kama ofis a wani bene, an ce ya fasa, an ce hedimasta zai yi murabus, an ce matasan ɓangaren allo suna shirin korar duk wanda ya ɗaga hannu. Ta rame har wuyan rigar aikinta ya yi mata yawa. Ranar da aka cika sati biyu Lauya ya fita daga jam'iyya da mutum talatin da ɗaya, da mafi yawan mutanen bayan masaƙa, suka koma ofishin benen nan. Sauran waɗanda suka goyi bayansa suka tsaya, ita ma ta tsaya. Da aka tambaye ta dalili a taron kwamiti, ta ce an kayar da ita bisa doka, baɗi za ta kawo ƙudurin da kanta, da sharuɗɗan haihuwa da awo a rubuce a ciki, in an sake kayar da ita ta sake kawowa. Rabin kwamitin suka ɗaure fuska. Wani ya ce a karɓe hatimi daga hannunta, aka rasa wanda ɓangarorin da suka rage za su yarda ya riƙe, aka bar mata.

Yayanta ya daina zuwa gidanta, sai dai matarsa ta kira ta tambayi yara. Kawu Direba yana miƙa mata hannu ta auna kowane mako, ya amsa gaisuwa, ya ƙara ƙarar rediyo.

Wata ranar Talata, bayan an cire kwaɗon sama da na ƙasa, tana ofis ita kaɗai tana soke sunayen waɗanda suka fita, sai ga wata mai sayar da kifi ta shigo ba sallama, zani a ɗaure a ƙugu, ƙafafunta jiƙe da baƙin ruwa.

"Ke ce sakatariya? Kwatar bayan rumfunanmu ta toshe kwana tara, ruwa har cikin kwanduna. Na je ofishin bene sun ce nan ne masu zanga-zanga. Na zo nan jiya wani ya ce can ne masu shiga majalisa. To, ni wanne ne nawa?"

Ungozoma ta dubi littafin, ta dubi ƙafafun matar.

"Ku nawa ne a rumfunan?"

"Mun kai talatin."

"Akwai wanda ya rubuta wa ofishin tsabtar gari?"

"Wa ya iya rubutun?"

Ta rufe littafin, ta yagi farar takarda biyu, ta ɗauki jakarta. Wayarta ta fara kaɗawa, ta duba ta ga sunan hedimasta, ta jefa ta cikin jakar.

"Mu je ki nuna min," ta ce.